Hedfon Mai Rage Hayaniya na Masu Ƙaramin Ƙarfi: Gwajin Soundcore Life Q30 a Zariya

Duk mai karatu ko aiki a Zariya ya san cewa da zarar an ɗauke wuta, janaretocin maƙwabta ne ke karɓe unguwa, kuma da wannan rugugin ya kamata a auna kowane hedfon da aka ce yana rage hayaniya. Na Sony da na Bose sun fi ƙarfin aljihun yawancin ɗalibai da ma'aikata, shi ya sa na gwada Soundcore Life Q30 na kamfanin Anker, wanda ya fito a 2020 kuma kuɗinsa bai kai rabin nasu ba.

Ƙananan makirufo da ke jikinsa su ne ke ɗaukar ƙarar waje, sai na'urar ta samar da wani amo kishiyarta, biyun su kashe juna kafin su isa dodon kunne. Wannan dabara ta fi tasiri a kan ƙara mai kauri wadda ba ta sauyawa, kuma a nan ne Q30 ya cancanci kuɗinsa. A ɗakina da ke Samaru, inda janareton wani shagon ɗinki ke aiki a bayan taga, da na danna maɓallin rage hayaniya sai rugugin ya ja da baya ya zama kamar daga ƙarshen layi yake fitowa, ƙarar fanka kuwa ta ɓace kusan gaba ɗaya. Haka abin yake a cikin bas daga Samaru zuwa Sabon Gari, domin gurnanin inji ya lafa har ana iya sauraron darasi ba tare da an ƙure murya ba. A ganina wannan ne babban amfaninsa, tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya da kada su wuce sa'o'i 40 a mako suna sauraro a ƙarfin desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti), alhali hayaniya ce ke sa matasanmu ƙure iyafis har ji ya fara raguwa.

Sai dai kada mai saye ya sa ran shiru na gaba ɗaya. Odar masu Keke Napep a Kwangila, kiran kwandasta da hirar mutane duk suna ratsowa, saboda sauti mai kaifi da ke zuwa bagatatan ya fi ƙarfin wannan dabara, kuma ko masu tsadar ma ragewa kawai suke yi. Ɗan abin da ake samu a nan daga soson da ya rufe kunne yake zuwa.

Batirinsa abin yabo ne a garin da wuta ba ta da tabbas. Kamfanin ya ce yana kai sa'o'i 40 ana rage hayaniya, cajin minti 5 kuma yana ba da sa'o'i 4, kuma ban ga abin da ya saɓa wa haka ba. Sautinsa yana da kauri sosai, amma ana iya daidaita shi a manhajar waya. Zafi ne damuwar duk wani hedfon mai rufe kunne: a hunturu daɗi gare shi, amma a bazarar Maris da Afirilu kunne kan jiƙe da gumi, sai an riƙa cirewa ana shan iska.

Abin da ya fi damuna shi ne ruɗanin da ake yi a kasuwa. Yawancin masu arha da ke cike shaguna an rubuta ENC ne a kwalinsu, wanda aikinsa tace muryar mai magana domin wanda ake waya da shi, ba ya rage wa mai sanye da shi hayaniyar komai. Wanda ake nema shi ne mai ANC, wato dabarar rage hayaniyar da na bayyana a sama. Tun da jabu ma sun yi yawa, mai saye ya nemi a buɗe masa kwali, ya sanya hedfon ɗin ba tare da kunna waƙa ko wani sauti ba, ya tsaya kusa da janareton shagon ya danna maɓallin, idan rugugin bai ragu nan take ba ya mayar musu da kayansu.