Etanol, heksen ko asiton: wanne ya kamata mai tatsar tsirrai ya saya?

Cittar Kachia da Kafanchan da Kagarko, yawancinta a bushe take barin Jihar Kaduna cikin buhu, wasu can su tatse abin da ke cikinta su ci ribar. Shi ya sa nake murna da matasan da suka fara wannan sana'a a gida. Amma kafin ka zuba kuɗi a jarkar sinadarin narkarwa, ka san me kake son cirowa daga tsiron, don kowane sinadari da abin da yake ja.

Heksen mai kawai yake bi. Da shi manyan kamfanoni ke tatsar man waken suya, kuma yana tafasa a wajen digiri 69. Sai dai tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi kama wuta. Wanda ke aiki a shago kusa da janareta ya haƙura da shi.

Asiton yana jan yajin citta sosai, amma a digiri 56 yake tafasa. A zafin watan Maris da Afrilu, jarkar da ba ta rufu da kyau ba, kuɗinka ne ke bin iska.

Ni dai etanol da aka gauraya da ruwa nake ba mutane shawara a kai. Ya fi tsada, gaskiya, amma kai ne ke juya shi yadda kake so. Mai ƙarfin kashi 95 cikin ɗari yana ciro mai da yajin citta. In ka ƙara ruwa, sai ya fi jan launi irin na zoɓo. Har karan masara da tuƙar rake ana dafawa a irin wannan haɗi, a tukunyar matsi mai zafin digiri 160 zuwa 200, lignin, wato sinadarin da ke sa kara ya yi tauri, ya narke ya fita, zaren tsiron da ake kira selulos ya saura. Wannan kam aikin ɗakin gwaji ne, irin na cibiyar binciken fasahar sinadarai ta NARICT da ke Zariya ko Jami'ar Ahmadu Bello. Tun da a digiri 78 etanol ke tafasa, da na'urar tace tururi za ka dawo da mafi yawansa ka sake aiki da shi. A nan tsadar take saukowa, don haka ka sa kuɗin na'urar a lissafi tun farko.

Abin da ya fi damuna shi ne sifirit ɗin shafawa da ake sayarwa da arha. Galibi an zuba masa wani sinadari mai guba da ake kira metanol, shi kuwa yana makantarwa, yana kisa. In abin da za ka tatsa na ci ne ko na magani, ka nemi etanol ɗin da aka rubuta na abinci ne, ka ce dillali ya nuna maka takardar gwajin gangar da zai ɗebo maka. In ya fara kame-kame, ka nemi wani dillalin.