Beljiyam ko 'yar gida: amsa ga ƙanenmu mai miliyan tara

Salamu alaikum jama'a. Ƙanenmu da ya yi tambaya daren jiya, na ga saƙonka sai da safen nan. Ka ce ka tara naira miliyan tara, kana aiki nan cikin Katsina, duk Juma'a kana tafiya Daura gaida Hajiya, kuma ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin beljiyam da ke wajen masu saida motoci da 'yar gida wadda wani ya hau a nan. Allah ya sa albarka cikin kuɗin, tara irin wannan a zamanin nan ba ƙaramin juriya ba ne. Mota uku na saya a rayuwata, biyu 'yan gida ɗaya beljiyam, to bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

Kafin komai, ka cire a ranka cewa miliyan tara gare ka na sayen mota. Miliyan bakwai da rabi gare ka, ko takwas in ka matsa. Sauran na motar ne amma ba na mai saidawa ba ne, kuma zan dawo kan wannan don shi ne ainihin maganata.

Sabuwa dal a leda kam mu ajiye ta gefe, ko waɗanda ake haɗawa nan gida irin Peugeot ta Kaduna da Innoson ta Nnewi kuɗinka bai kai can ba, kuma ba kai kaɗai ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 aka kuma saki naira, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, duk abin da ke shigowa ta ruwa ya tashi, har 'yan gidan ma suka bi sahu don mai mota ya san abin da zai biya in zai maye gurbinta.

To beljiyam. Sunan ne kawai ya zauna tun lokacin da ake kwaso su daga Turai, amma Corolla da Camry da Honda da kake gani jere a titin Kano ko titin IBB galibinsu daga Amurka da Kanada suke. Abin da kake saya a beljiyam shi ne motar da ba ta sha raminmu ba, ba ta sha gurɓataccen mai ba, kuma hannun bakaniken da ke gyara da guduma bai taɓa ta ba. In ka dace, shekara biyu ba abin da za ka riƙa yi sai juye baƙin mai da canza birki. Tawa haka ta yi mani, wallahi na ji daɗinta. Amma fa ka sani da yawansu daga gwanjon motocin da suka yi haɗari ake sayo su, irin su Copart, wasu ma ambaliya ta shanye su, a kawo Legas ko Kwatano a buga bodi a fesa fenti a wanke inji da kyau ta fito tana sheƙi. Ba duk mai haɗari ce matsala ba, in bamba da fitila aka canza ba komai, amma wadda shasi ya lanƙwashe ba ta ƙara tafiya daidai sai ta yi ta cin taya gefe guda, wadda ruwa ya shiga kuma wayarin ɗinta zai riƙa ba ka ciwon kai yau gilas gobe fitila jibi ta ƙi tashi.

'Yar gida ita kuma tarihinta yana nan kusa, in ka so za ka same shi. Katsina ba ta da girman da za a ɓoye mota, in ka tambaya za a ce maka ai ta malam wane ce na Kofar Kaura, ofis da masallaci kaɗai take zuwa, ko a ce a'a wannan ta yi shekara tana jigilar Jibiya. Wannan sanin kuɗi ne babba, beljiyam ba ta da shi. Matsalarta ita ce abin da hannu ya yi mata. An cire tamostat wai don kada ta yi zafi, an haɗa fanka kai tsaye, an yanke wayoyi an ɗaure da leda, an cire fitilar cek injin daga dashbod don kada ta nuna, kuma mafi ciwo an fasa salansa an kwashe abin nan na tace hayaƙi da ake ce ma indomi an sayar, sai ka ga mota tana shan mai kana mamaki. Da fetur ɗin da ake saida lita ƙasa da 200 kafin Mayun 2023 ya zo ya taɓa haura 1,000, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai zuwa Daura duk sati, kilomita wajen 80 zuwa 80 dawowa.

A kuɗinka ga yadda abin zai kasance. In ka nace sai beljiyam, za ka sauko ƙasa sosai a shekara, ko ka ɗauki wadda aka yi ma kwaskwarima mai yawa, kuma kuɗin zai tafi kakaf ba ko na lamba. In ka ɗauki 'yar gida mai tsabta, za ka samu irin motar ko wadda ta fi ta sabunta, da lambarta, da canji a aljihu. Ni a matsayinka 'yar gida zan nema, amma daga hannun mutumin da aka sani, ba wadda ta zaga hannun dillalai biyar ba.

Yanzu maganar takardar kwastan, nan ne nake so ka buɗe kunne don mu mutanen bakin boda abin ya fi shafa. Tun 1 ga Janairu 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, ta ce sai ta tashar ruwa. Amma kowa ya san motoci ba su daina biyowa ta Nijar ba, ga Maraɗi ga Magama ga Kongolam duk a bayan gidanmu. Shi ya sa za ka ga mota mai kyau da araha mai ban mamaki, a ce maka ai duti, wato kuɗin kwastan, kaɗai ne babu, ko a miƙo maka takarda wadda ba ta cikin kwamfuta. Ni na faɗa wannan ramin a motata ta biyu. Wani dillali ya ba ni takardu cikin fayil mai kyau har da hatimi, na yarda da shi don muna sallah masallaci ɗaya, sai bayan wata bakwai a hanyar Kano aka duba aka ce lambar da ke jikin takardar ta wata motar ce daban. Iyalina na ciki, yara na kuka cikin rana, kuma ƙarshe abin da na kashe kafin in daidaita takardun ya cinye duk sauƙin da na ɗauka na samu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Saboda haka ko beljiyam ko 'yar gida, ka ɗauki kwafin takardar ka je ofishin kwastan da ƙafarka a duba maka ita kafin ka biya ko sisi, kuma ka gwada lambar shasi da ke takardar da wadda ke jikin motar harafi bayan harafi. Kar ka ce ai tana da lamba ta shekara biyar tana yawo, tawa ma tana da lamba.

Lambar shasin nan ma tana magana in ka iya karanta ta. Guda 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ƙofa. Ta farko in J ce Japan aka ƙera ta, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada. Ta goma ita ce shekara, 5 na nufin 2005, 8 na nufin 2008, daga 2010 sai aka koma harufa, A 2010, B 2011, haka dai. Da wannan kaɗai za ka kama wanda ya canza ma 2007 fitilu da bamba yana ce maka 2010 ce. In beljiyam ce ta Amurka, da lambar ake ciro rahoton Carfax, mai nuna tarihin mota, a intanet, sau da yawa ma in ka rubuta ta a Google hotunan ranar gwanjon za su fito ka ga yadda take kafin a gyara. Kuma mitar motar Amurka mil take ƙirgawa, mil ɗaya kilomita 1.6 ne, in ka ga 150,000 to 240,000 ke nan, balle ma ana juya mitar baya, gara ka duba yadda fedar birki da sitiyari da kujerar direba suka cinye.

Wajen duba mota, ka zo da bakanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda mai saidawa zai kira maka ba. Kuma ku je da sassafe. Motata ta yanzu bayan sallar asuba na je gidan mai ita, na ɗora tafin hannuna kan bonet na ji sanyi ƙalau, sannan na ce ya tada ta ni kuma na tsaya baya ina kallon salansa. Inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa, ko ya yi ƙara ko ya fitar da hayaƙi mai shuɗi, in ya ɗumama sai ya ɓoye. Bakanikena ya zaro dipstik, sandar auna baƙin mai, ya murza man a yatsa ya shinshina, ya buɗe lagireto ya leƙa ko akwai mai cikin ruwan, ya ɗaga kafet ya duba tsatsa da laka, ya sa sikana, na'urar da ke nuna matsalar mota. Daga nan muka hau titin Dutsin-ma muka ba ta wuta da AC a kunne don mu ji yadda giya ke shiga. Duk wanda ya hana ka wannan gwajin, ka yi masa sallama ka tafi, mota ba ta ƙarewa a kasuwa.

Ba ka faɗi irin motar ba amma na san ƙarshenta cikin huɗun nan za ka zaɓa. Corolla 2003 zuwa 2008 ita ce ta mai albashi, injinta 1.8, sarƙa gare ta ba bel ba, kayanta ko nan babu to Kofar Ruwa a Kano akwai, kuma ranar da ka so saidawa kafin la'asar an saya. Camry masul 2007 zuwa 2009 mai injin 2.4 ta fi daɗin zama amma an san ta da shan baƙin mai, sai ka riƙa dubawa. Honda Accord da ake ce ma EOD da DC suna da daɗin tuƙi kuma sun fi sauƙin kuɗi, sai dai ƙafarsu ta gaba tana son kulawa, in aka yi sakaci da boljoyin ɗin ƙafar, taya na iya ficewa ana cikin tafiya. Peugeot 406 kuwa a kan doguwar hanya ba ta da na biyu amma tana son bakanike wanda ya san ta da gaske.

Sai dillalai. Ba na zaginsu, sana'a ce halal kuma akwai masu amana sosai a cikinsu, wani ma shi zai ce maka bar wannan ba ta dace da kai ba. Amma ka san yadda kasuwar take. Mai fili da ya jera motocinsa yana da inda za ka same shi gobe, wannan kariya ce gare ka, ko da yake kuɗin haya da na yara duk suna cikin farashin. Dillalin waya shi kuma mota ba tashi ba ce, wani lokacin daga shi zuwa mai motar akwai mutum uku kowa ya ɗora nashi a kai, sannan a ƙarshe a ce ka ba da la'ada. To tun farko ka tambaya, motar wa ce, ina son mu zauna da shi, kuma la'ada nawa ce wa zai biya. A gama wannan kafin a fara tayi. Kar ka faɗi adadin abin da ke hannunka, in ka ce tara duk motar da za a nuna maka ta zama ta tara. In an ce maka wani Alhaji na tafe da kuɗi yanzun nan, ka ce Allah ya ba shi sa'a. Kafin alƙalami kuma kar ka ba da sai an rubuta cewa in takarda ko inji suka nuna matsala za a maido maka. In an sallama, a rubuta yarjejeniya da lambar shasi da ta inji da shaidu biyu, ka tura kuɗin ta banki zuwa asusun mai sunan da ke takardar, ka karɓi takardun asali da makulli na biyu a wurin. In aka ce ka ba da rabi ka riƙa cikawa, a rubuta jimilla da ranakun biya, Alƙur'ani ma ya yi umarni da rubuta bashi a ƙarshen Baƙara, amma ni dai ban so ka fara mota da bashi.

Na ce zan dawo kan miliyan ɗaya da rabin nan. Ranar da mota ta shigo gida ranar kashe kuɗi ke farawa. In beljiyam ce akwai sabuwar lamba da rajista, in 'yar gida ce akwai canjin mallaka, kar ka bar ta da sunan tsohon mai ita. Inshorar dole ta motar gida 15,000 ce tun Janairun 2023, da 5,000 ce, ka yi ta gaskiya. Sai juye duk mayukan, na inji da na giya da na birki, filogi, filta, wataƙila batir. Sai tayoyi, kuma nan beljiyam ma ba ta tsira ba don sau da yawa da tsofaffin taya take zuwa, ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen tayar, 2319 na nufin sati na 23 a 2019, tsohuwar taya a kwaltar Daura cikin zafin Afrilu da Hajiya a baya ba abin wasa ba ne. In 'yar gida ce ka ƙara da shokazoba da bushin, kusan dole ne. Abin da ya rage ka bar shi a asusu don gyaran da zai ɓullo cikin wata ukun farko, yana ɓullowa kuwa, sannan ka zauna ka lissafa man Daura sau huɗu a wata cikin albashinka tun yanzu.

In ka samu wadda ta kwanta maka, turo mani hoton lambar shasin da na takardar kwastan ta inbos in duba maka. Asabar ina gari in sha Allahu, sai mu ɗauki bakanikena mu je tare bayan asuba.