NSOPW ko rajistar jiha: wanne za a duba?

'Yan uwa mazauna Amurka sun sha tambayata inda za su binciki masu laifin fyaɗe kafin su kama haya. Wuri biyu ake dubawa: NSOPW, wato shafin bincike na ƙasa baki ɗaya, da rajistar jiha, wato jerin sunayen masu irin wannan laifi da kowace jiha ke ajiyewa. Duka biyun kyauta ne. Shafin NSOPW na Ma'aikatar Shari'a yana haɗa jihohi 50 a bincike ɗaya, sai dai abin da jihohin suka saka kawai yake nunawa. Shafin jiha kuwa shi ke fayyace dokar wurin. Dokar tarayya ta 2006 ta tsara rajistar shekara 15, 25 ko har mutuwa, amma ba kowace jiha ta bi ta sak ba. New York ma ba ta saka 'yan mataki na 1, wato waɗanda take ganin haɗarinsu kaɗan ne, a intanet, sai an buga waya.

Mai shirin ƙaura zuwa wata jiha, NSOPW ya fi masa. Wanda ya riga ya zauna, ya riƙe na jiharsa.