Na ba mai ƙwari kan barewata ya gyara: yadda aikin ya fito

Da na buɗe kwalin da mai gyaran ya dawo mini da kan barewata a ciki, ban tsaya kallon ƙahon ba. Juya ƙoƙon kan na yi, na haska tocila cikin hancin. A can ciki akwai wasu ƙasusuwa sirara, a naɗe kamar takardar da aka nannaɗe da yatsa, har haske na ratsa su. Suna nan, hagu da dama, ko ɗaya bai karye ba. Na daɗe riƙe da shi ina kallo, domin waɗannan ƙasusuwan su ne na rasa a kan farko da na gyara da hannuna, kuma saboda su na nemi wannan mutumin.

Shekara uku da suka wuce na samu namijin barewa, irin mai ƙaho mai rassa, na ce ni zan gyara kan da kaina. Na zuba shi a tukunya na tafasa wajen awa huɗu, naman ya saki, na bi da wuƙa da waya ina ƙwaƙulewa. Wayar nan ita ta rugurguza cikin hancin. Zafin kuma ya sa haƙora biyu suka faɗo, ƙashin saman hanci ya buɗe a mahaɗarsa. Na ƙara da kuskure mafi muni, na jiƙa shi a bilic don ya yi fari. Ya kuwa yi fari fat, sati biyu ina murna. Daga baya in na shafa shi sai gari ya biyo yatsana kamar alli. Bilic yana cin abin da ke riƙe ƙashi, kuma ba ya daina ci bayan an ɗauraye. Yau kan nan yana cikin kwali, ba ya ratayuwa, kuma har yanzu abin yana yi mini ciwo, don dabba ce da na sha wahala kafin na same ta.

Shi ya sa da na samu na biyu, na kai wa wani mai sana'ar gyaran kawunan dabbobi da ke aiki da ƙwari. Ƙwarin ƙanana ne, baƙaƙe ta sama, sunansu na kimiyya Dermestes maculatus, kuma gidajen adana kayan tarihin halittu sun daɗe suna amfani da irinsu wajen tsabtace ƙasusuwa. Ya buɗe mini akwatin da yake kiwonsu na leƙa. Warin yana da ƙarfi, ba zan ɓoye ba, amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarar: wani sassanyan ƙas-ƙas-ƙas kamar yayyafi a kan busasshen ganye. Ya ce mini manyan ba su ne ma'aikatan ba, tsutsotsinsu masu gashi-gashi su ke cin yawancin naman, suna shiga lungun da wuƙa ba za ta taɓa kaiwa ba, su cinye tsoka su bar ƙashi.

Kafin ya karɓa ya yi mini tambayoyi uku, kuma tun daga nan na fara yarda da shi. Ina aka harbe ta, da takardar izini? Na nuna masa. Na zuba mata gishiri ko na fesa maganin ƙuda? Na ce a'a, a firiza na ajiye ta cikin leda. Ya ce, "Madalla, Malam. Fesawa ɗaya ta isa ta kashe mini kiwon shekara biyu." Tambaya ta uku ita ce ko na cire ƙwaƙwalwar. Wannan ba don ƙwarin kaɗai ba ne. Akwai cutar da ke rame irin wannan barewar har ta mutu, wadda aka fara lura da ita a 1967 a jihar Kolorado ta Amurka, kuma abin da ke haddasa ta yana taruwa ne a ƙwaƙwalwa da laka, tafasawa ba ta kashe shi. Saboda haka jihohi da yawa a can suka hana a ƙetara iyaka da ɗanyen kai mai ƙwaƙwalwa a ciki. Mai sana'ar da bai damu ya san daga ina kai ya fito ba, ni ba zan ba shi nawa ba.

Cin naman bai ɗauki lokaci ba. Ya feɗe fatar, ya cire idanu da harshe, ya bar kan ya ɗan sha iska, ya sa wa ƙwarin. Kwana biyar suka gama. Daga nan ya sa shi a firiza don ya kashe duk wata tsutsa ko ƙwai da suka ɓuya a ciki, kuma wannan mataki ne da ya kamata kowa ya tambaya ko an yi, domin ƙwarin nan in suka shigo gida ba sa bambanta naman barewa da rigar ulu ko takalmin fata.

Inda aikin yake da gaske shi ne cire maiƙo, kuma nan ne na samu abin ƙorafi. Ƙashi yana da ƙananan ramuka cike da kitse. Ƙwari ba sa cire shi, maganin sa ƙashi fari kuma rufe shi kawai yake yi na ɗan lokaci. Hanyar ita ce a jiƙa kan a ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka, ruwan da hannu zai iya jurewa, a riƙa canzawa duk bayan 'yan kwanaki har ya daina yin gurɓi. Ya ce mini sati shida zan karɓa. Sai da aka yi sati goma sha ɗaya. Jinkirin bai dame ni ba kamar shirun da ya yi. Sau uku ina aika saƙo, sau ɗaya ya amsa. Da ya ce mini tun farko, "Kan naka yana da kitse, zai ƙara wata guda," da hankalina ya kwanta. Mutum ya miƙa maka abin da ba zai iya sayen wani a madadinsa ba, kalma biyu ba za su rage ka da komai ba.

Duk da tsawon lokacin, maiƙon bai gama fita ba. Wata huɗu bayan na rataye shi, na lura da tabo ruwan ɗorawa a ƙeya, kusa da ramin kunne, faɗinsa bai wuce babban yatsa ba. Na shafa, na ji ɗan danƙo. Na kira shi, kuma a nan ya wanke kansa a wurina. Bai yi musu ba, bai ce laifin ɗakina ba ne. Ya ce, "Kawo shi, Malam, ban gama aikina ba ke nan." Ya sake jiƙa shi sati uku, ya sake mayar da shi fari, bai karɓi komai ba. Wata bakwai ke nan da dawowarsa, tabon bai sake fitowa ba.

Farin da ya yi ya burge ni, don ba irin farin takarda ba ne mai kashe ido, fari ne mai taushi kamar na hauren giwa. Da haidurojin feroksaid ya yi, mai ƙarfin kashi 12 cikin 100, irin mai kauri da masu gyaran gashi ke amfani da shi, ya shafa da burushi. Gindin ƙahon kuwa ya naɗe shi da leda da salatif kafin ya fara, don ko ɗigo ɗaya ya taɓa wurin zai bar farin tabo. Na duba da kyau, iyakar farin ta tsaya cak a ƙarƙashin zoben nan mai gurza-gurza, launin ƙasa-ƙasan ƙahon bai taɓu ba. Wannan launin dabbar ce ta yi shi da kanta, lokacin da take goga ƙahonta a jikin itatuwa, har yanzu akwai ɓurɓushin ɓawo a maƙale cikin tsagogin. Na roƙe shi kada ya goge, kada kuma ya shafa man ƙyalli, ya bar mini shi yadda yake. Haƙoran duk ya bi su da ɗan gam ta ciki, ba a ganin alama.

Wani abu da ya kamata mai kai aiki ya sani: ƙahon irin wannan barewar ƙashi ne zalla, tana zubar da shi duk shekara wani ya tsiro, don haka ba ya buƙatar wani gyara. Dabbobi masu ƙaho mai kube, kamar rago ko gada, nasu daban ne. Dole a zare kuben a wanke abin da ke ciki, a mayar, in ba haka ba wari zai biyo baya. Na tambaye shi ko yana yi, ya ce yana yi, amma ban gwada shi a kan wannan ba.

Maratayin a wurinsa na saya. Ƙarfe ne baƙi mai ɗan hannu da ke shiga ramin da laka ke bi a bayan ƙoƙon, ba a huda ƙashi ko kaɗan, kuma ana iya sunkuyar da kan ko a ɗaga shi, a juya shi gefe. Na fi son wannan a kan allon katako, don allon yana jan ido ya bar ƙashin. Sai dai sukurorin da suka zo da shi gajeru ne. Kan ba shi da nauyi sosai, amma ƙahon yana rinjayar da shi gaba, da na sa su sai na ga ƙarfen yana ɗan ɗagowa daga bango ta sama. Na cire, na sa dogaye guda biyu da robobinsu, ya zauna daram. Kada a dogara da ƙusa ɗaya. In kan nan ya faɗo, hanci ne zai fara taɓa ƙasa.

Wurin ratayewa ma sai da na canza. Da farko na sa shi a bangon da ke kallon taga, ya ce in matsar, rana tana koɗar da ƙaho a hankali har ya yi fari-fari. Ya kuma hana ni kusa da wurin girki, don tururin mai yana kama ƙashi. Yanzu yana bangon da ke gefen ƙofa, sama da kan mutum kaɗan, na karkatar da shi ta yadda mai shigowa zai ga reshen hagu, wanda yake da tsinke biyar, na dama kuwa huɗu. Ƙura nake kaɗe masa da burushin fenti mai laushi, cikin hancin kuma hurawa kawai nake yi da baki.

Muƙamuƙin ƙasa ba ya cikin aikin sai ka nema, yawanci yar da shi ake yi. Ni na nema, don daga cinyewar turamen haƙoransa ake ƙiyasta shekarun dabba. Ya duba nawa ya ce za ta kai huɗu da rabi. Yana cikin aljihun tebur, naɗe da tsumma, tare da takardar da na rubuta ranar da na same ta. In na sake kai masa wani, zan ce ya bar shi a ruwan sabulu sati biyu bayan ya ga kamar ya isa, kuma ya riƙa turo mini hoto duk ƙarshen mako.