Gargaɗi ga masu keken tsalle a Yamai da Tawa: a kula da mai tallan janti gurzajje

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu keke. Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutu, don ba daɗi mutum da gemunsa ya fito ya ce an yi masa wayo. Amma shekaranjiya wani yaro daga Tawa ya turo mini hoto yana tambayata ko na san mai wannan kaya. Ina dubawa sai ga hoton da aka cuce ni da shi, ko tabarmar da aka shimfiɗa kayan a kai ba a canza ba. Suna da lambar waya kawai suka canza. Na ce to, shirun ya isa haka.

Ga wanda bai san wasan ba, keken tirayal nake nufi, wanda yara ke kira keken tsalle. Shi ne ake hawa duwatsu da katanga da kututture da shi ba tare da ƙafa ta taɓa ƙasa ba, mutum ya tsaya kan tayar baya kaɗai yana tsalle kamar fara. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifen ya samo asali cikin shekarun 1970, an kwaikwayo shi daga wasan babur. Yawancin yaranmu kuwa a waya suka fara ganinsa, musamman bidiyon nan na Danny MacAskill, mutumin Sikotilan, wanda ya bazu a YouTube a 2009. Mu a Yamai ba mu da yawa, kusan duk mun san juna. Ka zagaye Katako da Wadata za ka sami kayan keken gida ko wane iri, amma kayan wannan keke sai dai in wani ya zo maka da su daga waje, ko ka yi cinikin biri a sama ta waya. Ta wannan kafa ɓarawon ya shigo mana.

Keken ƙanena ne, mai taya inci 26, wani ɗan'uwanmu ya zo masa da shi daga Faransa bayan an ɗan more shi. Birkinsa Magura HS33 ne, na Jamus, mai aiki da mai, wanda ke matse gefen janti, abin da ƴan Najeriya ke ce wa rim. Jantin baya ya lanƙwashe, robar birkin kuma ta cinye har ta kusa kai wa gindi. A wannan wasa birki ba na rage gudu ba ne, na kullewa ne. In ka dira a bakin katanga kan tayar baya, nauyinka gaba ɗaya yana jan tayar ta murgina baya, birkin ne kaɗai ke riƙe da ita. Ya sulluɓe da faɗin yatsa ɗaya, ƙeyarka ce a ƙasa.

A wani zaure na WhatsApp na masu keke na ga tallan. Janti baƙi mai faɗi, da manyan huji-huji a tsakiya irin na tirayal, gefensa yana ƙyalli da sabuwar gurza. Robar birki ja guda biyu, da ƴar kwalbar man birki kyauta. Duka jika 45. Mutumin ya iya bakin abin sosai, wannan kam ba zan hana masa ba. Ya san faɗin jantin baya yakan kai wajen milimita 47, ya san ramin wayoyin taya 32 ne, ya san sunan birkin tun kafin in faɗa. Yana ta ce mini Alhaji, ni da ban taɓa zuwa ko filin jirgi da niyyar Makka ba. Ya ce shi a Tawa yake, in tura rabi ta kamfanin aika kuɗi da sunan ƙanen matarsa don katinsa ya ɓace, in cika sauran ranar da ya sa kayan a mota. Yaron Tawa kuwa, ce masa ya yi yana Yamai. Ko yaushe yana garin da ba ka ciki.

Abin da ya sa damfararsa ke da wuyar kamawa shi ne yana aiko da kayan. Ba irin waɗanda ke cinye kuɗi su kashe waya ba ne. Kwana biyu sai ga kwali a tasha, an naɗe shi tsaf. Har na yi masa godiya, na kuma yabe shi a zauren, abin da ya fi ci mini rai ke nan yanzu, don na san akwai wanda ya saya saboda maganata.

Na kai jantin Katako wurin wani dattijo da ke yi mana ɗaurin waya tun muna yara. Ya ɗaga shi, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya matsa gefen da babban yatsa, sai ya ce, "Ɗana, wannan ya sha duniya. Bangonsa kamar gwangwanin madara." Na ce, "Baba, haka suke, ba nauyi ake yinsu, na tsalle ne." Ya dube ni ya ce, "To, kai ka san kekenka," ya ɗaura. A raina cewa nake tsoho bai san kayan zamani ba.

Kwana tara jantin ya yi. Ranar da abin ya faru muna Harobanda, ƙetaren gadar Kennedy, inda muke zuwa da yamma saboda wasu tubalan siminti da aka jibge. Tsayin wurin bai kai ƙugu ba. Ƙanen nawa ya dira kan tayar baya ya damƙe birki, sai muka ji ƙara kamar an fasa leda. Bangon jantin ya lotsa ciki ya tsage wajen tsawon yatsa, tib ya fashe, robar gefe ɗaya ta ɓare daga gindinta ta yi tsalle can. Shi kuma ya faɗi ta baya ya tokare da hannu. Tsagewar ƙashi a wuyan hannu, sati shida da filasta. Mun gode Allah da hular kwano a kansa. Abin da mahaifiyarmu ta faɗa mini a daren nan ba na rubutawa ba ne.

Yanzu ga yadda dabarar take, kuma nan nake so a karanta da natsuwa. Masu tirayal suna gurza gefen janti da injin gurza ƙarfe irin na masu walda, a yi masa ƙananan tsage-tsage don roba ta sami abin kamawa. Wannan gaskiya ne, haka ake yi ko a gasar duniya. Amma gurzar tana dakushewa da amfani, sai a sake, kuma duk sakewa tana cin alminiyon. Ka ga ke nan kowane janti yana da iyakar gurzar da zai ɗauka, daga nan sai bola. To shi wannan mutum irin waɗannan yake tarawa, waɗanda masu su suka gama da su. Ya fesa musu fenti, ya bi gefen da sabuwar gurza mai kaifi, sai su fito suna walƙiya. Gurzar da muke ɗauka alamar kaya na ƙwarai ita ce mayafin da yake rufe tsufan da shi, kuma ita ce ke cinye ɗan naman da ya rage. Birkin mai kuwa yana matsa da ƙarfin da birkin waya bai kai ba, shi ya sa bango mai rauni ba ya jure masa.

Da na koma wurin Baba da kunyata, bai ce mini ai na faɗa maka ba. Ya ɗauko rula ta ƙarfe ya gicciya ta kan gefen jantin, ya ɗaga sama wajen haske. Tsakiyar ta faɗa ciki kamar cokali, haske yana wucewa ta ƙarƙashin rular. Muka je wurin wani mai injin sassaƙa ƙarfe ya sa ma'aunin kauri a inda ya tsage, ko kusa da milimita 1 bai kai ba, alhali masu gyara ba sa yarda da bangon janti da ya yi ƙasa da milimita 1. Sannan ya nuna mini abin da ido kaɗai ya isa ya gani da na duba: kewaye da kowane ramin waya akwai shatin tsohon ɗauri a ƙarƙashin fentin, fentin ya ɗiga har cikin ramukan, kuma a ramuka uku akwai siraran tsagu kamar gashi. Janti sabo ba ya zuwa da shatin waya, kuma launin da kamfani ke ba alminiyon a jikin ƙarfen yake, ba ya ɓarewa da farce kamar fenti.

Bayan na fara magana, wasu biyu suka fito. Ɗaya an aiko masa jantin da aka ƙera don birkin faifai, wanda gefensa a lanƙwashe yake ba shi da shimfiɗaɗɗen wurin da roba za ta zauna, aka gurje shi aka ce na tirayal ne. Ɗayan mai ƙaramin keke ne, wanda ake ce wa inci 20. Waɗannan kekuna gabansu 20 ne amma bayansu 19, kuma ba sa musanya. A jikin taya akwai lamba: 406 na inci 20, 387 na inci 19, 507 na inci 24, 559 na inci 26. An aiko masa jantin keken yara mai 406, tayarsa ta baya ta ƙi hawa. Da ya yi ƙorafi aka ce masa tayarsa ce ta tsuke.

Robar ma haka. Ta ainihi da foliyuretan ake yinta, dangin abin da ake yin tayar allon sulun yara, a zaunar da ita daram kan gindi na roba mai tauri ko na alminiyon wanda ke maƙalewa a bakin birkin. Wadda aka sayar mini, gindin na ainihi ne amma tsoho, an kankare shi, an yanko wata jar roba mai kama da tafin takalmi an manna da gam ɗin kwalba. Har sawun wuƙa yana gefe, ga busasshen gam ya yi fari a mahaɗar. Ka goga ta a siminti sai ta riƙa marmashewa tana barin ja. Kada launi ya ruɗe ku, ja ko rawaya ko shuɗi, kowane kamfani da yadda ya tsara nasa, ba wata ma'ana ɗaya da launin ke da ita.

Kwalbar man da ya ba ni kyauta, Allah ya taimake mu ba mu zuba ba. Birkin Magura man ma'adini yake sha, nasu na kamfani da ake kira Royal Blood shuɗi ne. Man birkin mota mai lambar DOT 3 ko DOT 4 yana kumbura robobin cikinsa ya lalata birkin. Baba ya ɗiga na kwalbar cikin kofin ruwa, nan take ya gauraye. Man ma'adini ba ya gauraya da ruwa, a sama yake tsayawa. Na mota ne aka ɗura.

Mai son birki mai kamawa a garin nan, ga abin da na tsaya a kai bayan wannan wahala. Kada ka sayi janti a gurje daga hannun wanda ba ka sani ba, ko da ya rantse da abin da zai kashe shi. Sayi mai santsi, ka gwada shi da rula, sannan ka cire taya ka kai wurin mai walda a yi gurzar a gabanka, sama-sama, hannu yana tafiya ba ya tsayawa wuri ɗaya, da tabarau a ido. Janti mai santsi da roba mai laushi suna kamawa da kyau in wuri tsaf yake kuma a bushe, amma ina tsaf a Yamai lokacin hunturu? Jar ƙurar nan tana kwantawa a gefen janti ta zama kamar an barbaɗa gari, damina kuma ruwa ya ƙarasa. Don haka ni gurza marar zurfi da roba mai ɗan tauri na fi yarda da su a nan. Roba mai laushi kan gurza mai kaifi za ta kama kamar me, amma kafin ka ankara ta ƙare, ga shi samunta sai an sha wuya. Masu shafa kwalta a gefen janti kuma, na san ana yi a wasu ƙasashe, amma a zafin watan Afrilu na Yamai da ke haura digiri 40 kwaltar narkewa take, ta kwashi yashi, birkin ya maƙale ya ƙi saki. Na gwada sau ɗaya, ya ishe ni.

Na kira mutumin washegarin faɗuwar. Ya ce, "Haba Alhaji, yaron ne bai iya dira ba, kaya na Turai ba ya haka." Na tura masa hoton tsagar da na robar, sai ya toshe ni. Mun haɗa takardun aika kuɗinmu mu uku mun kai ƙara kumsariya, an karɓi bayaninmu, muna jira. Duk wanda ya saya a hannunsa ya ajiye takardarsa da saƙonnin murya, kada ya goge, kuma ya sauka daga keken yau ɗin nan har sai an sa rula a jantin.

Ba zan sa lamba ba, don sau biyu ke nan yana canzawa, kuma ina tsoron lambar ta koma hannun wanda bai ji ba bai gani ba. Amma za ku gane shi. Kayan suna kan tabarmar roba shuɗiya, a kusurwar hoton ana hango gindin tukunyar gas. Ba ya yarda da kiran bidiyo, ko yaushe rezo ne ba kyau. Sunan da ake tura wa kuɗi ba shi ne sunan da yake talla da shi ba. In ka ce kana da ɗan'uwa a garin da zai zo ya duba kayan, sai ya ce ya yi tafiya Ƙonni sai jibi, kuma akwai wani da ke jira da kuɗi a hannu. Yaron Tawa ya gwada shi jiya, ya ce masa yayansa yana Bukoki zai zo da rula. Har yanzu saƙon bai sami amsa ba.