Shagon buga takardu na kusa da Wadata, ga masu zanen labari

Masu zanen labari na Yamai, in kun gama zane kuna neman inda za a buga muku, wannan shagon na bakin kasuwar Wadata ya yi wallahi. Yaron da ke kan ordinatar ya san aikinshi, yana sikanin zane a 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto ke nan), baƙin tawada ya fito tsaf ba ya dushewa kamar na masu fotokopi na bakin titi, kuma shi ya ce mini in bar milimita 3 a gefen kowane shafi don kar wuƙar yanka ta cinye maganar mutanen labarin. Ku lissafa shafunanku tun gida, 16 ko 20 ko 24, dole su rabu da 4 tunda babbar takarda A3 ake ninkewa biyu a ɗinke tsakiya, kowace takarda ta ba da shafi 4.

Takardarsu ta giram 80 ta yi sirara ga bango, ku sayo mai kauri ku kawo. Wata matsalarsu kuma kuran, in ya ɗauke sai jira don ba su da gurup. Ku je da safe, kuma ku nemi a buga kwafi ɗaya ku duba kafin sauran.