Manhajar eBird da yawan sauya sunayen tsuntsaye

Manhajar eBird ta ɗakin binciken tsuntsaye na Jami'ar Cornell a Amurka kyauta ce, kuma wajen ajiye bayanan tsuntsayen da ka gani da wuya a samu kamarta. Sai dai sau ɗaya a shekara, galibi a Oktoba, takan sabunta sunaye, kuma nan ne sababbin shiga ke rikicewa.

Ɗauki balbela. A 2023 an raba ta gida biyu: ta Afirka ta zama Western Cattle Egret, ta kudanci da gabashin Asiya ta zama Eastern. A 2024 kuma binciken ƙwayoyin halitta ya sa aka ɗauke ta daga jinsin Bubulcus zuwa Ardea, dangin zalɓe. Wani sauyin kuwa ba ruwansa da kimiyya: a 2020 an cire sunan McCown daga wani tsuntsun Amurka saboda mutumin janar ne na ɓangaren da ya yi yaƙin kare bautar da bayi a yaƙin basasar Amurka.

Abin yabo shi ne manhajar kan gyara tsofaffin bayananka da kanta bisa wurin da ka rubuta. Matsalar tana inda nau'ikan biyu ke zaune tare, domin takan bar maka sunaye biyu a haɗe, sai ka koma ga hoto ko sauti ka tantance. Shi ya sa ɗaukar hoto ke da amfani ƙwarai.

Idan sunan da ke tsohon littafinka ya ƙi fitowa, kunna sunayen kimiyya a saiti, ka nemi kalmar ƙarshe ta sunan kimiyyar, misali ibis a sunan balbelar Afirka, wanda a da Bubulcus ibis ne, sannan ya koma Ardea ibis. Ita ba ta cika sauyawa ba.